Kafaffiyar Ƙafa ko Allon Tsakiya: Wanne Ya Dace da Tekun Jidda?

A Madain Fahd na tashi, a kudancin Jidda, unguwar da ba a hango teku daga cikinta amma ana jin shi a jiki: danshin iskar asuba, da gumin da ba ya bushewa a watannin zafi. Da yawa daga cikinmu Hausawan garin nan ta ruwa kakanninmu suka iso. Sun tako daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ta Borno da Wadai da Darfur, wasu shekara da shekaru suna tafe suna yada zango suna noma, har suka kai Sawakin a gaɓar Sudan. Daga nan suka shiga sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska, suka tsallako Bahar Maliya. Kakana bai cika ba da labarin hamadar da ya ratsa ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne safiyar da suka doshi Jidda, yadda matuƙin ya sa yaro ya hau can saman itacen shira'i, wato ƙyallen da ke kama iska, yana leƙen ruwa yana nuna hanya da hannu, don kada gindin jirgin ya gamu da dutsen murjani.

Da na girma, neman abinci ya kai ni Obhur, inda wani harshen teku ya kutso cikin ƙasa a arewacin birnin, wurin da masu hali ke ajiye jiragensu na shaƙatawa. Aikina wanki ne da fenti da ƙananan gyare-gyare, wani lokaci kuma a fita da ni. A nan na fara ganin abin da ruwa ke ɓoyewa. Ran nan aka ciro jirage biyu masu shira'i aka jera su a tudu, tsawonsu kusan ɗaya, mita 12 ko kusa da haka. Na farko ya tsaya ƙerere a kan wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe da ta fito daga tsakiyar cikinsa, ta kusa tsayin mutum, sai da tsani ake hawansa. Na biyu kuwa ya kwanta da cikinsa dab da ƙasa kamar kwalekwalen Sarkawan Yawuri. Sai ka durƙusa za ka ga wata doguwar tsaga a gindinsa, a cikinta akwai faffaɗan allo na ƙarfe, an soke shi da ƙusa ɗaya ta goshi, yana fitowa yana komawa kamar wuƙar aljihu mai naɗewa. Igiya ke ɗaga shi, nauyinsa ke sauke shi.

Tun daga ranar muke gardama da abokan aiki kan wanda ya fi. Gardamar kuwa ta cancanta, domin ran mutane da dukiyarsu da lafiyar murjanin tekun nan duk a kan wannan ƙarfen suke rataye.

Aiki biyu a ƙarƙashin ruwa

Jirgin shira'i yana tafiya iska na tura shi ta baya, yana tafiya tana bugunsa ta gefe, yana ma iya hawanta: ya doshe ta a karkace, ya yi dama ya yi hagu kamar mai hawan tudu da kaya, har ya kai inda ya nufa. Sai dai in ana hawan iska, mafi yawan ƙarfinta gefe yake turawa. In babu abin da ya riƙe ruwa a ƙasa, jirgin zai yi ta zamewa kamar ƙwarya a kan tafki. Ƙafar ko allon shi ke tokare ruwa. Iska ta matso ta nan, ruwa ya tokare ta can, jirgin ya suɓuce gaba kamar ƙwallon dabino a tsakanin yatsu biyu.

Aiki na biyu hana kifewa. Iska na neman kwantar da jirgi, nauyin da ke ƙasa na ta da shi. A jirgi mai kafaffiyar ƙafa, ƙafar ce ke ɗauke da nauyin, darma ko baƙin ƙarfe, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka, a rataye har kusan mita 2 ƙarƙashin ruwa. Abu ɗaya ke yin aikin biyu. A jirgi mai allo kuwa an raba aikin: allon ya hana zamiya, nauyin kuma a shimfiɗa shi a cikin gindin jirgin, ko a cikin wata gajeriyar ƙafa da allon ke fitowa ta cikinta. Akwai kuma waɗanda allon kansa ke ɗauke da nauyi, kamar jiragen Southerly na Ingila. Daga wannan rabon aiki duk sauran bambancin ya samo asali. Nauyin da ke can ƙasa ya fi ƙarfin miƙar da jirgi, wanda ke cikin gindi kuwa sai an ƙara yawansa kafin ya kusanto shi. Amma mai allo in ya naɗe allonsa, ruwan da bai kai mita ɗaya ba ya ishe shi wucewa.

Dabarar allo ba ta jiya ba ce. A 1774 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Schank, ya ƙera ƙaramin jirgi a Boston mai allon da ake zurawa ƙasa a zaro. Jirgin Lady Nelson, da aka yi bisa tsarinsa da alluna uku, ya bar Ingila a 1800 ya isa Sydney a ƙarshen shekarar. A 1802 kuwa, da ya raka Matthew Flinders binciken gaɓar gabashin Ostireliya, allunan suka lalace, tafiyarsa ta yi rauni, aka mai da shi baya. Alherin allo da wahalarsa duk sun bayyana a jirgi guda. Allon da ke juyawa a kan ƙusa, irin wanda na gani a Obhur, wasu 'yan'uwa uku na gidan Swain ne daga New Jersey ta Amurka suka yi masa rajista a 1811. Masu cewa jirgi mai allo ba na babban teku ba ne, jirgin Finisterre mai allo ya ba su amsa, domin ya ci tseren Newport zuwa Bermuda sau uku a jere, a 1956 da 1958 da 1960. Shahararren matuƙin nan Jimmy Cornell da jirgin Ovni na alminiyum, ƙirar kamfanin Alubat na Faransa, ya zagaya duniya har ya taka Antaktika. Ko a maƙwabtanmu, jiragen faluka na kogin Nilu allon ƙarfe suke saukewa, su ɗaga in sun zo kan yashi. Mai ƙafa da mai allo dai kowanne ya tsallake teku. Abin da ya rage shi ne wanne ya dace da wannan tekun namu, shi kuwa tambayoyi huɗu yake yi wa kowane jirgi.

Iska

Daga wajen Jidda zuwa arewa, iskar Bahar Maliya daga arewa ko arewa maso yamma take busowa kusan duk shekara. Shi ya sa a zamanin da manyan jiragen Indiya da Yaman sukan tsaya a Jidda su sauke kaya, ƙanana su ƙarasa da shi Masar. Iskar ta taimaka wa garin ya zama kasuwa, bayan Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya mai da shi mashigar Makka a shekara ta 26 bayan Hijira. Har gobe wanda ya nufi Yanbu, balle Suwes mai nisan sama da kilomita 1,000, gaba da gaba zai yi da iska da gajerun igiyoyin ruwa masu tsini da ke dukan goshin jirgi ba hutu.

A nan kafaffiyar ƙafa ba ta da na biyu. Jirginta yana tsayawa da ƙarfinsa, yana ɗaukar shira'i mai yawa, yana keta igiyar ruwa ba tare da ya rasa gudu ba. Mai allo wanda nauyinsa ke cikin gindi yakan karkata da wuri, dole a rage masa ƙyalle tun iska ba ta yi tsanani ba, ga allon yana ƙwanƙwasa cikin kubensa duk dare in ya ɗan yi sako-sako. Amma a juya goshi kudu, wajen Lis ko Ƙunfuza, iska ta koma baya, sai lissafi ya sauya. A ɗaga allon, ruwa ya daina jan jirgin, ya yi ta sulalewa, in babbar igiyar ruwa ta bugo ta gefe ya ɗan zame mata maimakon ya yi tuntuɓe da ƙafarsa. Ana ma iya ɗaga rabinsa don a sauƙaƙa wa mai riƙe da sitiyari. Duk da haka, a babin iska kafaffiyar ƙafa ce a gaba, don hawan arewa shi ne wahalar tekun nan.

Murjani

Ɗan'uwan murjanin nan ne da ake saƙala wa amare a wuya, amma na nan gini ne, ƙananan halittu suka tara shi shekaru dubbai har ya zama katanga a cikin ruwa. Da dutsensa aka gina tsofaffin gidajen Balad a tsakiyar Jidda. Ibn Jubair, malamin Andalus da ya tsallako daga Aizab a 1183, ya kwana a Obhur kafin ya shiga Jidda, ya kuma yaba ƙwarewar matuƙan da ke ratsa ƙananan ƙofofin murjani da jiragen da aka ɗinka da igiyar kwakwa, ba ƙusa ko ɗaya. A 1517 jiragen yaƙin Fotugal ƙarƙashin Lopo Soares sun zo bakin Jidda suka koma ba su ci garin ba, domin mashigar ƙunci ce mai kwana-kwana tsakanin murjani, ga igwogin mai tsaron garin, Salman Rayyis, na jiran su. A Disambar 1991 jirgin fasinja Salem Express, da ya taso daga Jidda, ya bugi murjani kusa da Safaga ta Masar, ya nutse da sama da mutum 400.

Dole a faɗi gaskiya a nan: rashin zurfin gindi ba ya tsare jirgi daga katanga. Murjanin tekun nan a tsaye yake tasowa. Ruwa mai zurfin mita 30 a nan, gaba kaɗan ya zama iya gwiwa. Mai allo da mai ƙafa duk ido suke buƙata, irin na yaron da kakana ya gani a saman itace: a shiga da hantsi ko kafin la'asar, rana a sama ko a bayanka, ka karanta launin ruwa. Shuɗi mai duhu zurfi ne, tsanwa yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa kuwa dutse ne, a kauce.

Inda allo ke nuna kansa shi ne bayan katangar. Akwai tafkuna masu yashi fari a cikin zoben murjani, ruwa kwance kamar a tasa, amma ƙofarsu ba ta kai mita 2 ba. Haka abin yake a wurare da yawa har zuwa tsibiran Farasan da ke gaban Jizan. Mai allo ya naɗe ya shiga, ya jefa anga a yashi, ya kwana lafiya. Mai ƙafa ya tsaya waje a ruwa mai zurfi, angarsa na kama murjani, sarƙa na goga shi tana karyawa, shi ma bai runtsa ba.

Cika da janyewa

Wannan ita ce tambayar da baƙin matuƙa suka fi mantawa, ita ce kuma ta sauya mini ra'ayi. A Turai ana son jirgi mai allo ne saboda teku na janyewa sau biyu a rana. A wasu gaɓoɓin Faransa bambancin yakan wuce mita 10, jirgin ya zauna da cikinsa a kan yashi, mai shi ya sauko ya wanke gindinsa. A Jidda babu wannan. Cika da janyewar ruwa a tsakiyar Bahar Maliya bai cika wuce santimita 30 ba, ƙasa da kamu ɗaya. Babban sauyin na shekara ne, ruwan lokacin sanyi ya fi na lokacin zafi tsayi da wajen rabin mita. Da farko sai na ɗauka ke nan allo ya rasa rabin amfaninsa a nan.

Ashe akasin haka ne. A tekun da ke cika, wanda ya hau dutse yana da fata: ya jira sa'o'i kaɗan, ruwa ya ɗaga shi. A nan ba abin da zai ɗaga ka. Jirgi mai kafaffiyar ƙafa in ya maƙale, ya maƙale, sai dai a karkatar da shi da ƙarfi ko a jira wani ya zo ya ja, alhali iskar yamma tana ƙaruwa tana ƙara niƙa shi a kan dutsen. Mai allo kuwa cikar ruwansa a hannunsa take.

Na gani da idona. Wata rana muka makara a hanyar dawowa, muka doshi wani zoben murjani a arewacin Jidda bayan la'asar, rana ta sauko tana dukan ido, ruwan duk ya zama azurfa. Ina tsaye kusa da igiyar allo sai na ji wani dum a ƙarƙashin ƙafata, igiyar da ke miƙe ta saki ta kwanta, jirgin ya yi cak. Rayyis, kamar yadda ake kiran shugaban jirgi a nan, dattijo ne mai sanyin murya, amma ranar ya ɗaga ta: "Ɗaga allo, ɗana, maza!" Na naɗa igiyar har hannuna ya yi zafi. Kafin in gama jirgin ya saki, inji ya ja mu baya, muka koma shuɗin ruwa. Da safe na nutsa na duba. Goshin allon ya goge har ƙarfe ya fito, jikin jirgin kuwa ko ƙwarzane babu. Da na waiga wajen dutsen sai na ga reshen murjani a karye, cikinsa fari fat kamar ƙashi. Abin da aka yi shekaru ana ginawa mun karya shi a ƙiftawar ido. Dattijon bai yabi allon ba, makararmu ya zarga. Ya kuma koya mini cewa ba a shiga murjani da allo a naɗe sai in ƙofar ce ta tilasta, domin wanda ya naɗe tun farko ya cinye guzurinsa, in ya taɓa ƙasa da cikin jirgi zai taɓa. A kuma tuna da wutsiyar tuƙi, in ba mai ɗaguwa ba ce, ita ke zama mafi zurfi da zarar allo ya hau.

Zafi da gishiri

Tambaya ta huɗu tamu ce, mu masu gyara. Bahar Maliya na cikin tekuna mafi gishiri, wajen giram 40 a kowace lita, ruwansa kuma yakan kai digiri 30 da zafi. Komai na tsiro a cikinsa da sauri. Kafaffiyar ƙafa a kankare ta, a shafa fenti, a duba ƙusoshin da suka riƙe ta, shi ke nan. Kuben allo kuwa rami ne mai duhu da hannu ba ya kaiwa ƙarshensa. Na taɓa shafe yini guda a ƙarƙashin wani jirgi da aka bari wata shida a ɗaure. Ƙananan halittu masu ɓawo kamar katantanwa sun cika tsagar sun manne allon, ya ƙi sauka. Da dogon ƙarfe na yi ta sassaƙa, ɓawon na zubo mini a fuska, yatsuna duk yanka. Ga ƙusar da yake juyawa a kai tana cinyewa, ga igiya tana ruɓewa a inda ido ba ya gani. Allon da ya ƙi sauka ya hana ka hawan iska, wanda ya ƙi hawa kuwa ya fi kafaffiyar ƙafa sharri, don tsayinsa ya fi nata, ƙarfinsa bai kai ba. Kuben yana cin wuri a tsakiyar ɗakin jirgi, ƙirar kuma ta fi tsada. A wannan babi ƙafa ta yi nasara ƙarara.

Kowane allazi da nasa amanu

Kada wani ya ɗauka ɗaya daga cikinsu ba ya cin rai. A Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya kife a tekun Atlantika yana komawa Ingila daga Antigua, mutum huɗu suka salwanta. An ga gangar jikinsa a kife, ƙafar ta cire. Masu bincike na Ingila sun nuna cewa bugun ƙasa da ya sha a baya da gyare-gyaren da suka biyo na iya zama abin da ya raunana wurin haɗin. Darasi ne babba ga tekun murjani: ƙafar da ta bugi dutse sai an ciro jirgin an duba, ko da ba ya yoyo. A ɗaya gefen, ran 19 ga Agustan 2024 ƙaton jirgin Bayesian mai mita 56 ya nutse a gaɓar Sisili ta Italiya cikin guguwa, mutum bakwai suka mutu, allonsa kuwa a ɗage yake. Duk mai jirgin da allonsa ke ɗauke da nauyi wajibi ne ya san yadda ƙarfin tsayuwarsa ke raguwa in an ɗaga.

Hukunci

In an jera su, ƙafa ta ci iska da sauƙin kulawa, allo ya ci murjani da fita daga maƙalewa. Biyu da biyu ke nan, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Raunin allo a gaban iska ana rage shi da haƙuri, da rage ƙyalle da wuri, da tashi da asuba kafin iska ta yi ƙarfi. Wahalar kulawarsa ana maganinta da himma. Raunin ƙafa a kan dutse kuwa, a tekun da ba ya cika, ba ya da magani a hannun wanda ke cikin jirgin. Don haka wanda zai yi yawo tsakanin Jidda da zoben murjaninta da tsibiran kudu, yana kwana yau nan gobe can, allon tsakiya ya fi dacewa da shi. Wanda hanyarsa Suwes ce da tekun Bahar Rum, ko wanda zai bar jirgi a ɗaure wata da watanni ba mai taɓa shi, ya riƙe kafaffiyar ƙafa, zai fi samun kwanciyar hankali.

Tun da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, aka buɗe Jeddah Yacht Club a 2021, aka kuma yi tseren share fagen gasar America's Cup a ruwan Jidda a ƙarshen 2023, jiragen shira'i sai ƙaruwa suke a gaɓar nan. Kowannensu yana buƙatar hannun da ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Ina kira ga samarinmu na Madain Fahd da sauran unguwannin kudu da su shiga wannan sana'a da gaske, su koyi iyo da nutso da karanta launin ruwa, kada su tsaya a wankin bene kawai. Kai kuma mai jirgi da allo, ba a fafe gora ranar tafiya: ka sauke shi ka ɗaga kowane mako, ka duba ƙusa da igiya duk shekara, ka shiga murjani rana na sama, ka kuma sa mutum a goshi yana duban ruwa kamar yadda aka yi wa kakanninmu.